Tambayoyin Gwaji na Jarrabawar Turanci: Gininsu da Yadda Ya Kamata a Yi Aiki da Su

1. Gabatarwa

Babu wata jarrabawa da ta fi ta Turanci tsaya wa ɗaliban Nijeriya a rai. Dalili kuwa shi ne, yaro ko da ya ci lissafi da kimiyya da dukan sauran fannoni, in bai sami kyakkyawan sakamako a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Saboda haka kowace shekara, da lokacin jarrabawa ya gabato, sai kasuwar littattafan tsofaffin tambayoyi ta buɗe. A makarantu da yawa akan ajiye littafin karatu gefe ɗaya, malami ya riƙa karanta tambaya, yara su amsa baki ɗaya da "B" ko "D", ya ce daidai ne ko ba daidai ba, a wuce gaba. Akan yi wata uku a haka, a amsa tambayoyi ɗaruruwa, amma a fito da Turancin da aka shiga da shi.

Makasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake gina tambayoyin gwaji na sanin kalmomi, da na nahawu, da na fahimtar karatu, da kuma nuna inda amfaninsu yake. Tambayar da ake yi a ɗakin jarrabawa mudu ce, aikinta awo; mudu kuwa ba ya ƙara wa hatsi yawa komai yawan aunawa. Amma tambayar da ake yi a aji tun jarrabawa ba ta zo ba, ana bukatarta da aiki na biyu, watau ta nuna wa malami inda ɗalibi ya karkace da abin da ya karkatar da shi. Wannan aiki na biyu, yawancinsa a cikin amsoshin da ba daidai ba yake, su ne kuwa aka fi yin sakaci da su.

2. Asalin wannan irin jarrabawa

A zamanin mulkin Ingila, jarrabawar kammala sakandare daga can Ingila take zuwa. Hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij, wadda aka kafa a 1858, ita ke shirya tambayoyi, a aiko da su, a mai da takardun amsa can a duba. A 1950 Dokta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan ya ba da rahoto cewa ya kamata Afirka ta Yamma ta sami hukumarta, aka kuwa kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAEC, a 1952. Jarrabawar Turanci da ta gada, ta insha'i ce, da taƙaita labari, da fahimtar karatu, da rarraba jimla bisa ƙa'idodin nahawu. An gina ta ne tun asali domin yaran da aka haifa cikin harshen.

Ita kuwa tambaya mai zaɓi, watau wadda ake jera amsoshi huɗu ko biyar a ce ɗalibi ya zaɓi ɗaya, daga Amurka ta fito. Frederick Kelly ya yi amfani da ita a wata jarrabawar karatu da ya shirya wa makarantun jihar Kansas wajen 1915. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, rundunar sojanta ta gwada basirar mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi, akasarinsu da irin waɗannan tambayoyi, nan ne kuwa aka ga sauƙin dubawarsu. A fannin koyar da harshe, Robert Lado ne ya ɗaukaka su cikin littattafansa biyu, na 1957 da na 1961. Ra'ayinsa shi ne a kwatanta harshen ɗalibi da harshen da yake koyo, a gano wuraren da suka saɓa, a gina tambaya ɗaya a kan kowane wuri.

Wannan ra'ayi ya iso Afirka ta Yamma ta hanyar rahoton D. W. Grieve na 1964, wanda ya bincika wa WAEC jarrabawarta ta Turanci. Ya nuna cewa Turanci harshe na biyu ne ga waɗannan ɗalibai, saboda haka a gwada su bisa ga wannan matsayi, a kuma shigo da tambayoyi masu zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla. Hukumar ta karɓa. Daga baya aka kafa JAMB a 1978 domin jarrabawar shiga jami'a, inda Turanci ya zama tilas ga kowa, sa'an nan NECO a 1999. Tun 2015 kuma da kwamfuta ake amsa jarrabawar JAMB. Duk waɗannan hukumomi sun riƙe tambaya mai zaɓi, gama babu wata hanya da za a duba takardun ɗalibai fiye da miliyan cikin 'yan makonni, kowa kuma a auna shi da mudu ɗaya.

3. Sassan tambaya mai zaɓi da lissafin canka

Kowace tambaya mai zaɓi tana da sassa uku. Akwai gindin tambaya, watau jimlar da aka bar wa gurbi ko aka ja wa wata kalma layi. Akwai amsar gaskiya, wadda lalle ta zama ɗaya tak. Sa'an nan akwai amsoshin yaudara, waɗanda aikinsu shi ne su ja hankalin wanda bai sani ba, ba tare da sun ruɗa wanda ya sani ba.

Muhimmancin amsoshin yaudara yana bayyana in an yi ɗan lissafi. A ɗauka takarda tana da tambaya 80, kowace da amsa huɗu. Wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, in ya rufe ido ya canka, zai sami wajen maki 20, domin ɗaya cikin huɗu yakan faɗa daidai. Wanda ya san 40 ya canki sauran 40, zai tashi da wajen 50. To, in mai shirya tambayoyin ya yi kasala, ya zama biyu daga cikin amsoshin yaudara na kowace tambaya kowa na ganin ba su dace ba, to, canka ta koma tsakanin abu biyu ke nan, wannan ɗalibi kuwa zai tashi da 60. An ƙara masa maki 10 bai ƙara sanin komai ba. Shi da malaminsa duk za su zauna cikin zaton an shirya, sai ranar da ya gamu da tambayoyin da aka gina da kyau.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta cire ladan canka: a ƙidaya amsoshin da ɗalibi ya kuskure, a raba su uku in zaɓin huɗu ne, a ɗebe abin da ya fito daga makinsa. Mai 50 ɗin nan ya kuskure 30, kashi ɗaya cikin uku na 30 shi ne 10, sai makinsa ya koma 40, daidai abin da ya sani. Yana da kyau malami ya yi wannan lissafi a allo ko da sau ɗaya ne, domin yara su ga bambancin makin da suka samu da ilmin da suke da shi.

4. Tambayoyin sanin kalmomi

Tambayoyin kalmomi iri huɗu ne suka fi yawa: neman kalma mai ma'ana ɗaya da wadda aka ja wa layi, neman kishiyarta, fassara maganar da ma'anarta ba ta fito daga kalmominta ɗai-ɗai ba, da kuma cika gurabe cikin ɗan labari a kan wata sana'a, kamar gini, ko noma, ko banki, ko asibiti. Wannan na ƙarshe yana da dangantaka da gwajin da Wilson Taylor ya fito da shi a 1953, inda ake cire kalmomi daga cikin labari a ce mai karatu ya mai da su.

Kuskuren da aka fi yi wajen gina su shi ne ɗaukar sanin kalma kamar sanin fassararta kawai. Alhali kuwa kalmomin harsuna biyu ba su cika yin iyaka wuri ɗaya ba. Bahaushe yakan sha ruwa, ya sha magani, ya sha lemo, ya sha taba, duk da kalma ɗaya, amma Bature yana da "drink", da "take", da "eat", da "smoke", kowace da wurinta. Bahaushe yakan ji magana, ya ji wari, ya ji zafi, ya ji Larabci. A Turanci waɗannan kalma huɗu ne dabam-dabam. "Hannu" ya ƙunshi "hand" da "arm", "ƙafa" ta ƙunshi "foot" da "leg". Haka kuma "na ari littafi" da "ara mini littafi" tushensu ɗaya ne a Hausa, shi ya sa yaro kan ce "borrow me your book", domin bai ga dalilin raba "borrow" da "lend" ba.

Ga misalin tambaya ɗaya da aka gina ta hanya uku. Gindinta shi ne: "The nurse told him to ____ two tablets every morning." In aka jera A. take, B. jump, C. paint, D. sleep, tambayar ba ta auna komai ba, gama ukun nan babu wanda zai zaɓe su. In aka jera A. drink, B. take, C. eat, D. swallow, an kusa, amma an yi wani kuskure, domin "swallow" ma daidai ce, ɗalibi mai ƙwazo kuwa shi ne zai tsaya yana saƙe-saƙe. In aka cire ta aka sa "sip", tambaya ta tsayu. Yanzu wanda ya zaɓi "drink" ya gaya wa malami cewa da Hausa yake tunani yana fassarawa, wanda ya zaɓi "eat" ya lura ƙwaya ba ruwa ba ce amma bai san kalmar da ake haɗawa da ita ba, wanda ya zaɓi "sip" kuwa bai san kalmar ba sam. Kowane kuskure da maganinsa.

Sai dai a sani tambayoyi ba za su iya ba ɗalibi yawan kalmomin da yake bukata ba. Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilmi a Bengal, ya buga jerin kalmomin Turanci wajen 2,000 da suka fi yawan aukuwa a 1953. Irin waɗannan kalmomi sukan cika kimanin kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum. Adadin yana da yawa a ido, amma ma'anarsa ita ce kalma ɗaya cikin kowace biyar baƙuwa ce, watau kalma 80 a labari mai kalma 400. Paul Nation ya nuna a 2006 cewa mai son ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba, yana bukatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin, wannan kuwa sai da tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Littafin tsofaffin tambayoyi komai kaurinsa ba zai kai ɗalibi can ba. Yawan karatun littattafai masu daidai ƙarfinsa ne ke kai shi.

5. Tambayoyin nahawu

A nan ne kwatanta Hausa da Turanci ya fi ba da amfani, domin akwai wurare sanannu da ginin harsunan biyu ya saɓa.

Na farko, lokaci. "Ya tafi Kano" tana iya zama labarin abin da ya faru jiya, tana kuma iya nufin ba ya nan yanzu. Turanci ya raba su, "went" da "has gone". Tambaya kamar "My brother ____ to Kano last week" in an sa "has gone" cikin amsoshin yaudara, za ta fito da duk wanda bai gane wannan rabo ba. Haka nan "yana da mota" da "ina jin Turanci" siffarsu ta aiki mai ci ce a Hausa, daga nan ake samun "he is having a car" da "I am hearing English".

Na biyu, wakilin suna. Bahaushe yakan ce "wuƙar da ya yanka nama da ita", jimlar kuwa ba ta cika sai da "ita". Yaro sai ya rubuta "the knife which he cut the meat with it", alhali Turanci ba ya son wannan "it". Har wa yau, tun da yake kowane suna a Hausa namiji ne ko tamace, mai koyo yakan kira mota "she", ya kuma ce "Audu he went", bisa ga "Audu ya tafi".

Na uku, jam'i. Hausa tana da "shawarwari", da "bayanai", da "kayayyaki", amma "advice", da "information", da "luggage" ba su ɗaukar alamar jam'i. Na huɗu, amsa tambayar korewa. In an ce wa Bahaushe "Ba ka ga Audu ba?" yakan ce "I, ban gan shi ba", watau ya gaskata maganar mai tambaya. Bature kuwa "No, I didn't" zai ce. Wannan kuskure ya wuce na jarrabawa, gama a gaban likita ko alƙali yana iya juya magana gaba ɗaya.

Amma ba dukan kuskure ne ke zuwa daga Hausa ba. S. Pit Corder ya jawo hankali a 1967 cewa kurakuran mai koyo alama ce ta ƙa'idar da yake gina wa kansa, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna da yawa daga cikinsu iri ɗaya ne ga masu koyo ko daga wane harshe suka fito. Yaron da ya rubuta "goed" ko "childs" ya koyi ƙa'ida ne ya kai ta inda ba ta zuwa. Wasu kurakuran kuma daga Turancin da ake ji a kasuwa da tasha suke zuwa, wanda ke biyan bukata a wurinsa, amma ba shi jarrabawa ke nema ba. Saboda haka kada malami ya zauna ya ƙago amsoshin yaudara daga kansa. Hanya mafi inganci ita ce ya ba ajinsa jimlar da gurbi ba tare da zaɓi ba, kowa ya rubuta abin da ya ga dama, sa'an nan ya ɗauki kurakurai uku da suka fi yawa su zama amsoshin yaudara. Littattafan insha'in yara ma taska ce ta wannan aiki, wadda babu mai buga littafi da ke da irinta.

Akwai kuma aibobin gini da ke tona amsa. In gindin tambaya ya ƙare da "an", amsa ɗaya ce kuma ta fara da wasali, an riga an faɗi amsar. In amsar gaskiya kullum ta fi sauran tsawo, ko kuwa ta fi zama a "C", yara masu wayo za su gane tun kafin malami ya lura. Tambaya ɗaya kuma abu ɗaya za ta gwada. In an haɗa lokaci da jam'i da baƙuwar kalma wuri ɗaya, wanda ya faɗi ba a san inda ya yi tuntuɓe ba.

6. Tambayoyin fahimtar karatu

Wannan sashe ya fi sauran wuyar ginawa, domin akwai tambayoyi da yawa da suke kama da na fahimta amma ana iya amsa su ba a fahimci komai ba. A duba wannan jimla da aka cika da kalmomin da ba su da ma'ana: "Jiya zalkuman sun garbaɗe lunduri a bayan tambo." Su wa suka garbaɗe lunduri? Zalkuman. A ina? A bayan tambo. Yaushe? Jiya. Duk mai jin Hausa zai ci tambayoyin nan uku, alhali babu wanda ya san abin da ya faru. Haka ɗalibai da yawa ke yi da labarin Turanci: su nemi kalmar da ke cikin tambaya a cikin labarin, su kwafe jimlar da ta ƙunshe ta.

Ga ɗan misali na yadda za a kauce wa wannan. A ce labari ya ƙunshi jimloli biyu: "Although the rains came late, Musa did not regret sowing early. His neighbours, who had waited, harvested half as much." In an tambayi wanda ya yi shuka da wuri, ido kaɗai ya isa. In an tambayi abin da maƙwabta suka jira, dole ɗalibi ya koma jimlar farko ya gane ruwa suka jira, gama ba a faɗa ba. In an tambayi dalilin da ya sa Musa bai yi nadama ba, dole ya haɗa jimlolin biyu, ya gane "half as much" da girbin Musa ake kwatantawa. In kuma an tambayi aikin "although", an gwada ko ya san kalmar tana shirya mai karatu ga abin da ya saɓa wa zato. Ƙananan kalmomin nan masu haɗa magana su ne ƙashin bayan fahimta, su ne kuwa idon ɗalibi ya fi tsallakewa.

Kafin a ba yara tambayoyin fahimta, yana da kyau a gwada su ta hanya mai sauƙi: a ba wani malami tambayoyin kaɗai, a ɓoye labarin. Duk wadda ya amsa daidai da saninsa na duniya, a jefar da ita.

Abin da labarin ya ƙunsa shi ma yana da tasiri. A 1979 Steffensen da abokan aikinta sun ba Amurkawa da Indiyawa wasiƙu biyu, ɗaya a kan bikin aure na Amurka, ɗaya a kan na Indiya. Kowane ɓangare ya fi saurin karanta labarin al'adarsa, ya fi tuna shi, ya kuma karkatar da ma'anar ɗayan. Saboda haka yaron da ya kasa labari a kan dusar ƙanƙara ko jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai yiwuwa ba Turancin ne ya kā da shi ba. Wannan ba dalili ne na hana shi irin waɗannan labarai ba, tun da jarrabawa za ta kawo su. Abin da ya kamata shi ne a fara da abin da ya sani, kamar noman rani da cinikin shanu, domin a ga ƙarfin Turancinsa tsantsa, daga baya a riƙa nisantawa da kaɗan-kaɗan.

7. Auna tambayar kanta

Sai an gwada akan san na ƙwarai, tambaya ma haka take. Akwai hanyar da kowane malami zai iya bi da fensir da takarda. Bayan an duba takardu, a jera su daga mafi maki zuwa mafi ƙaranci, a ware na sama da na ƙasa. Truman Kelley ya nuna a 1939 cewa kashi 27 cikin 100 ta kowane gefe ya fi dacewa, watau takarda 16 a sama da 16 a ƙasa in ajin na mutum 60 ne. Sa'an nan a ɗauki tambayoyin ɗai-ɗai, a ƙidaya mutum nawa ne suka zaɓi kowane harafi a kowane gefe.

In 14 na sama suka ci tambaya, 5 na ƙasa suka ci, tambayar tana rarrabe mai sani da marar sani. In duka 32 suka ci, ta yi sauƙi, lokaci kawai ta ci. In na ƙasa suka fi na sama ci, akwai aibi a cikinta, wataƙila amsa biyu ce daidai, ko kuwa amsar da ke bayan littafi ce kuskure, abin da ba baƙo ba ne a littattafan kasuwa. Amsar yaudarar da babu wanda ya zaɓa, a sake ta. Wadda rabin aji suka zaɓa kuwa, ita ce darasin mako mai zuwa. Malamin da ya ajiye tambayoyin da suka tsallake wannan awo, kowace a ɗan kati tare da lissafinta, cikin shekara uku zai tara abin da ya fi kowane littafi dacewa da ajinsa.

8. Yin aiki da su a aji

Binciken masana halin ɗan Adam ya tabbatar da cewa amsa tambaya hanya ce ta koyo. A 2006 Roediger da Karpicke sun ba ɗalibai labari, wasu suka sake karantawa, wasu aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako ɗaya waɗanda aka gwada sun fi su tunawa nesa. Sai dai Roediger da abokan aikinsa sun kuma nuna wani haɗari: ɗalibin da ya zaɓi amsar yaudara, in ba a gyara masa ba, yakan riƙe ta a matsayin gaskiya. Ashe ke nan ajin da ake amsa tambaya 100 a sa'a ɗaya ba tare da bayani ba, yana iya shuka kuskure da hannunsa.

Daga nan ana iya fitar da ƙa'idodi kaɗan. Tambaya 10 da aka tattauna sun fi 100 da aka ruga. Kowane ɗalibi ya rubuta amsarsa shi kaɗai kafin a faɗa, gama amsa baki ɗaya muryar mutum biyar ce, sauran suna bi. Bayan an faɗi amsar gaskiya, a tambayi abin da ya hana kowace ɗaya daga sauran ukun zama daidai, in bayanin zai fi fita da Hausa, a yi shi da Hausa. Sa'an nan ɗalibi ya gina jimlarsa ta kansa da abin da ya koya, domin gane daidai cikin jeri abu ne dabam da iya rubuta shi, takardar insha'i kuwa na biyun take nema. A maimaita tambayar da aka faɗi bayan mako ɗaya, da bayan wata ɗaya, cikin sabuwar jimla. A kuma rarraba gwajin cikin shekara duka, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin takardun jarrabawa cikakku suna da wurinsu a makonnin ƙarshe, domin a saba da tsarin takarda da tafiyar agogo, da taɓa kwamfuta ga masu shiga JAMB.

9. Kammalawa

Nauyin wannan al'amari a kan kwalejojin horon malamai yake. Malamin da bai taɓa gina tambaya da hannunsa ba, ba shi da abin da zai auna tambayar wani da shi, dole ya karɓi duk abin da ya saya a kasuwa. Ya kamata kowane ɗalibin kwaleji mai shirin koyar da Turanci, a lokacin da ya fita gwajin koyarwa, ya tattaro kurakurai daga littattafan yaran da aka ba shi, ya rarraba waɗanda suka zo daga Hausa da waɗanda ba su zo daga gare ta ba, ya gina tambaya 20 a kansu, ya gwada su a aji, ya auna su ta hanyar da aka bayyana a sama, ya kawo sakamakon a duba.

Masana Hausa kuma suna da nasu rabo. Kwatanta ginin Hausa da na Turanci aiki ne da sai wanda ya san nahawun Hausa sosai zai iya yi, malaman Turanci da yawa kuwa suna jin Hausa amma ba su taɓa nazarinta ba. In sassan biyu suka haɗa hannu suka tsara jerin wuraren da harsunan suka saɓa, tare da misalai daga rubutun yara na hakika, malamin aji zai sami abin dogara wajen gina tambayoyinsa, yaron da ya rubuta "drink two tablets" kuma zai sami wanda zai gaya masa daga ina kuskurensa ya fito.